Kuɗin Iyaye da Neman Maganin Fragile X: Nazari a Kan Gidauniyar FRAXA ta Amurka

A shekarar 1991 wasu masu bincike daga Amurka da Holan, waɗanda suka haɗa da Stephen Warren da David Nelson da Ben Oostra, suka gano ƙwayar gadon da lalacewarta ke haddasa larurar Fragile X, suka raɗa mata suna FMR1. Wannan larura ita ce kan gaba a cikin sanannun dalilan tawayar fahimta da ake gada daga iyaye, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana shafar namiji ɗaya cikin kimanin 7,000 da mace ɗaya cikin kimanin 11,000. Sai dai gano sanadin ciwo daban, samun wanda zai zuba kuɗi a nemi maganinsa daban. A wancan lokaci masu binciken da suka duƙufa a kan larurar ba su taka kara sun karya ba, kamfanonin magunguna kuwa ko kallon wajen ba su yi, domin a ganinsu ƙwaƙwalwar da ta ginu a karkace tun daga ciki ba ta gyaruwa da ƙwayar magani.

A cikin wannan yanayi ne iyaye uku, wato Katie Clapp da mijinta Michael Tranfaglia, wanda likitan ƙwaƙwalwa ne, da kuma Kathy May, suka kafa gidauniyar FRAXA a jihar Massachusetts a 1994, dukansu kuwa suna da 'ya'ya masu larurar a gida. Manufarsu guda ɗaya ce tak: su tara kuɗi daga iyalai irin nasu, su miƙa wa masana kimiyya domin a samo magani. Bisa ƙididdigar gidauniyar kanta, abin da gwamnatin Amurka ke kashewa a kan binciken larurar a lokacin bai kai dala miliyan 2 a shekara ba, kuma kaso kaɗan ne ƙwarai a ciki ya shafi neman magani.

Yadda larurar take

A cikin ƙwayar FMR1, wadda ke zaune a kusa da ƙarshen kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum, akwai wani yanki da haruffa uku na DNA, wato CGG, suke maimaituwa. A jikin yawancin mutane maimaicin bai wuce sau 44 ba. Idan ya kama daga 55 zuwa 200, mutum yana ɗauke da larurar ne kawai, kuma sau da yawa bai ma sani ba. Idan ya haura 200 sai jiki ya rufe ƙwayar gaba ɗaya, ta daina samar da furotin da ake kira FMRP, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen daidaita aikin mahaɗun jijiyoyinta. Hanyar gadon tana da sarƙaƙiya. Uban da ke ɗauke da ita yana ba dukan 'ya'yansa mata, ba ya ba namiji ko ɗaya, domin ɗa namiji kuromosom Y yake karɓa daga mahaifinsa. Uwa kuwa, a kowane ciki, ko dai ta bayar ko kada ta bayar, rabi da rabi, kuma ta wajenta ne maimaicin yake tsawaita har ya zama cikakkiyar larura. Shi ya sa za a ga kaka namiji lafiyarsa ƙalau, 'ya'yansa mata ma haka, amma a cikin jikokinsa a sami da dama masu tawayar fahimta. Wani bincike da Ambroise Wonkam da abokan aikinsa suka wallafa a 2020 ya bi sawun irin wannan gado a zuriyar wani basarake mai mata da yawa a yammacin Kamaru, inda mutanen gari suka daɗe suna danganta abin da la'ana.

Wanda ya taɓa gaisawa da saurayi mai wannan larura zai gane wata alama da likitoci suka daɗe da lura da ita: yakan miƙo hannu da fara'a, yana son gaisuwar har zuciyarsa, amma sai ya kawar da fuska, wani lokaci har da kafaɗa, domin haɗa ido yana yi masa nauyi. Da yawa daga cikin yaran suna da kanta a bayan hannu saboda yawan cizonsa idan hayaniya ko taron jama'a ya dame su. Magana takan yi jinkirin zuwa, idan ta zo kuma sai yaro ya riƙa nanata kalma ɗaya. Kusan rabin mazan suna cika sharuɗɗan galahanga, wasu kuma suna fama da farfaɗiya. Mata galibi abin ya fi zo musu da sauƙi, saboda suna da kuromosom X na biyu da ke cike wani ɓangare na giɓin.

Ƙungiyoyi biyu, aiki biyu

FRAXA ba ita ce ta fara shiga wannan fage ba. Tun 1984 likitar yara Randi Hagerman da wasu suka kafa National Fragile X Foundation a birnin Denver, wadda ta fi karkata ga rayuwar iyalai ta yau da kullum: wayar da kan likitoci da malaman makaranta, haɗa iyayen da aka gano larurar a gidansu kwanan nan da waɗanda suka riga su, shirya babban taro duk bayan shekara biyu, da kai koke gaban majalisar dokoki. A 2006 ta taimaka wajen haɗa asibitocin da suka ƙware a kan larurar su zama gamayya ɗaya, daga baya kuma, da kuɗin hukumar yaƙi da cututtuka, aka buɗe wata rajista mai suna FORWARD da ke tattara bayanan masu larurar shekara bayan shekara. FRAXA ta zaɓi ta bar wa wasu mafi yawan wannan ɗawainiya, ta mai da hankali kan ɗakunan gwaji. Wannan zaɓi yana da farashinsa, domin uwar da ɗanta bai yi barci ba daren jiya taimakon yau take nema, ba labarin ɓeran da aka yi wa allura a wata jami'a ba, amma waɗanda suka kafa gidauniyar sun tsaya a kan cewa idan ƙaramar ƙungiya ta raba ƙarfinta gida biyu, ko ɗaya ba za ta yi da kyau ba.

Kuɗin yana fitowa ne daga iyalai da danginsu da abokansu, ta hanyar liyafar cin abinci, gasar ƙwallon kwando, tseren gudu da gudummawar ɗaiɗaikun mutane. A cikin shekaru talatin gidauniyar ta raba fiye da dala miliyan 30 a kan ɗaruruwan ayyukan bincike a ƙasashe da dama. A duniyar haɗa magunguna wannan kuɗi ba wani abin a zo a gani ba ne, domin gwajin magani guda ɗaya a mataki na ƙarshe yana iya lanƙwame fiye da haka. Hikimar tana cikin inda ake saka shi. Yawancin tallafin ƙanana ne, kimanin dala 45,000 zuwa 50,000 a shekara na tsawon shekara biyu, kuma ana ba matasan masu bincike ne da suka kammala digiri na uku, waɗanda ba su riga sun yanke shawarar fannin da za su ƙare rayuwarsu a kai ba. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ba ta cika ba da kuɗi ba sai mai nema ya nuna sakamakon farko, shi kuwa sakamakon farko ba ya samuwa sai da kuɗi. A wannan tsakani FRAXA ta kafa kanta. Haka kuma ta haɗa ƙarfi da sauran iyaye wajen matsa wa 'yan majalisa lamba, har aka sanya tanadin kafa aƙalla cibiyoyi uku na binciken Fragile X a cikin dokar lafiyar yara da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a 2000.

Hasashen da ya ja hankalin duniya

Babban abin da aka san gidauniyar da shi ya faro ne daga ɗakin gwajin Mark Bear, wanda a lokacin yake Jami'ar Brown kafin ya koma jami'ar MIT. Bear ba mai binciken Fragile X ba ne, sha'awarsa ita ce yadda mahaɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke ƙara ƙarfi ko raguwa yayin koyo. Wata matashiyar mai bincike a ƙarƙashinsa, Kimberly Huber, tana nazarin wata mashigar saƙo a jikin jijiyoyin mai suna mGluR5, wadda idan aka taɓa ta sai jijiya ta shiga ƙera sababbin furotin, mahaɗar kuma ta yi rauni. Da Warren ya aiko musu da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar FMR1, irin waɗanda wata tawagar Holan da Beljiyam ta fara samarwa a 1994, sun zaci raunanawar za ta ragu tunda furotin FMRP ba ya nan. Sai suka ga akasin haka: raunanawar ta ƙaru fiye da ƙima. Sun wallafa wannan sakamako a 2002, kuma FRAXA tana cikin waɗanda suka tallafa wa aikin tun yana jariri.

A 2004 Bear da Huber da Warren suka fito da cikakken hasashe. A taƙaice, mGluR5 tamkar totur ce, FMRP kuma birki. Mai larurar Fragile X an haife shi ba birki, saboda haka idan aka sami maganin da zai sassauta totur, wataƙila a dawo da daidaito. Abin da ya sa wannan hasashe ya girgiza fannin shi ne ya nuna cewa matsalar tana ci gaba da faruwa ne kullum a cikin ƙwaƙwalwa, ba ɓarna ce da ta auku sau ɗaya ta wuce ba, kenan ko babban mutum yana iya amfana. Hujjoji suka yi ta biyo baya. A 2005 an nuna cewa wani sinadari mai toshe mGluR5 yana hana ɓerayen farfaɗiyar da ƙara mai ƙarfi ke tayar musu, an kuma ga gyara a ƙudajen gwaji. A 2007 Gül Dölen, a ɗakin gwajin Bear, ta rage yawan mGluR5 da rabi a jikin ɓerayen ta hanyar gado, sai alamomi bakwai cikin takwas da aka auna suka gyaru.

Daga nan manyan kamfanoni suka shigo. Novartis da Roche, dukansu na ƙasar Suwizalan, suna da magungunan toshe mGluR5 da suka ƙera domin wasu cututtuka, sai suka juya su zuwa Fragile X. Bear da kansa ya shiga cikin kafa kamfanin Seaside Therapeutics, wanda ya bi wata hanya makusanciya da wani magani mai suna arbaclofen. A nan dabarar FRAXA ta cika yadda aka tsara ta, domin 'yan dubban dalolin iyaye sun janyo miliyoyin kamfanoni. A 2011 wani ƙaramin gwajin Novartis a kan maza 30 ya nuna cewa, ko da yake ba a ga bambanci a jimlace ba, mutum bakwai da ƙwayar FMR1 tasu ke rufe ruf sun sami sauƙin ɗabi'a. Yanzu da aka waiwaya, mutum bakwai sun yi kaɗan ƙwarai a ɗora musu irin fatan da aka ɗora, amma a lokacin kowa ya ɗauka an kusa.

Shekarun 2013 da 2014

A watan Mayun 2013 Seaside ta sanar da iyalan da 'ya'yansu ke ci gaba da shan arbaclofen bayan kammala gwaji cewa za ta daina ba su, saboda maganin bai cimma ma'aunin da aka gindaya ba, kuɗi kuma sun ƙare. Iyaye da yawa sun rantse cewa a kan wannan magani ne ɗansu ya fara haɗa jimla, ko ya fara zama a teburin cin abinci tare da kowa, ga shi kuma an ce su rage masa shi a hankali har ya daina. Sun rubuta koke, sun yi hira da 'yan jarida, sun nemi masu zuba jari, amma haƙarsu ba ta cimma ruwa ba. A watan Afrilun 2014 Novartis ta dakatar da nata maganin, mavoglurant, bayan gwaji a kan manya 175 da matasa 139 bai nuna ya fi ƙwayar wofi ba, wato ƙwayar da ake ba rabin mahalarta mai kama da maganin amma ba komai a cikinta. Kafin shekarar ta ƙare Roche ma ta janye nata.

A nan ne ya fito fili cewa iyalan da ke tara kuɗin bincike su ne kuma ke ba da 'ya'yansu a gwada magani a kansu. Su ne ke tuƙa mota ta sa'o'i zuwa asibitin gwaji da yaron da ke firgita da baƙon wuri, su riƙe shi a ɗebi jininsa, su koma gida su jira. Idan kamfani ya rufe shirin, shi ya yi asarar jari ne ya koma kan wani maganin, su kuwa babu wani wajen komawa. A ganina wannan shi ne ɓangaren da tsarin tallafin bai tanada ba: an yi shirin yadda za a kunna bincike, ba a yi shirin abin da zai sami mahalarta idan aka kashe shi ba, kuma ƙungiyar da ke raba dala 50,000 ba ta da ƙarfin ci gaba da ƙera maganin da kamfani ya yi watsi da shi.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalilin faɗuwar. Wasu sun ce an gwada maganin a kan waɗanda suka girma, alhali ɓerayen da suka fi amfana ƙanana ne. Wasu sun ce makonni 12 ba su isa a ga canji a koyo ba, wasu kuma sun nuna cewa jiki yana sabawa da maganin har tasirinsa ya dusashe. Amma dalilin da ya fi jan hankalina shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. Takarda ce mai tambayoyi 58 da aka tsara a shekarun 1980, uwa ko uba su zauna su ba kowace ɗabi'a maki daga 0 zuwa 3: shin yana yawan fushi, shin yana keɓe kansa, shin yana kai-komo ba ya zama. Mutumin da ya shekara goma yana jin labarin wannan magani a taruka, wataƙila ma ya yi tseren gudu domin a tara kuɗinsa, shi ne aka ba alƙalami ya auna ko ɗansa ya sami sauƙi. Ba abin mamaki ba ne da aka ga makin waɗanda ke shan ƙwayar wofi ma ya inganta sosai, har bambancin ya ɓace. Ga kuma wani giɓi: a ɓera an auna koyo da aikin jijiyoyi, a mutum kuwa aka auna fushi da tashin hankali. Domin a kawar da shakka a kan batun shekaru, NIH ta ɗauki nauyin sake gwada maganin Novartis a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 6, haɗe da koyar da magana. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna shi ma bai fi ƙwayar wofi ba.

Abin da iyalai ke buƙata kafin magani ya zo

Duk wannan lokaci rayuwa ba ta tsaya ba. Wani bincike da Don Bailey ya jagoranta, aka wallafa a 2009, ya gano cewa a Amurka ana tabbatar da larurar a jikin yara maza ne suna da kimanin wata 35 zuwa 37, duk da cewa iyaye sukan fara lura da matsala tun yaro bai cika shekara ɗaya ba ko da ɗan wucewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan sun riga sun haifi wani yaron mai larurar kafin a gano ta farko. Gwajin jini ne kawai ake buƙata, amma sai likita ya yi tunaninsa. Idan an gano, dokar ilimin masu buƙata ta musamman ta ba yaro haƙƙin samun horon magana da na motsa jiki tun kafin shekara uku, da kuma tsarin karatu na kansa a makaranta, sai dai wannan haƙƙi yana ƙarewa a wajen shekara 21. Bayan nan iyali sukan shiga layin jiran tallafin kula da manya na Medicaid, shirin lafiya na gwamnati domin masu ƙaramin ƙarfi da naƙasassu, wanda a wasu jihohi yake ɗaukar shekaru. Dokar ABLE ta 2014 ta ɗan rage nauyi, domin ta ba naƙasassu damar ajiyar kuɗi ba tare da sun rasa tallafin gwamnati ba.

Gano larurar a jikin yaro ɗaya kuma yana buɗe ƙofa ga dangi duka. Kimanin kashi 20 cikin 100 na matan da ke ɗauke da ita al'adarsu tana ɗaukewa kafin shekara 40, abin da ke shafar haihuwa. A 2001 Hagerman da abokan aikinta suka bayyana wata cutar rawar jiki da tangaɗi da ke kama maza masu ɗauke da ita bayan shekara 50, kuma sun gano ta ne saboda iyaye mata da ke kawo 'ya'yansu asibiti suna yawan ambaton cewa mahaifinsu ya fara karkarwa yana faɗuwa. Mace ɗaya kenan tana iya samun kanta tana jinyar ɗanta da mahaifinta a lokaci guda, daga tushe ɗaya. Wannan binciken daga ɗakin ganin likita ya fito, ta hanyar sauraron iyalai, kuma yana nuna cewa rabuwar da aka yi tsakanin tallafa wa bincike da tallafa wa iyali ba ta kai zurfin da ake zato ba. Asibitocin gamayya da rajistar FORWARD, waɗanda aka gina da sunan kula da iyalai, su ne suka zama wuraren samun mahalarta gwaji da bayanan yadda larurar ke sauyawa da shekaru.

Bayan faɗuwar

FRAXA ba ta rufe ba, amma ta sauya salo. Ta daina jingina ga hasashe ɗaya, ta ƙara ƙarfi wajen gwada magungunan da aka riga aka amince da su domin wasu cututtuka, irin su metformin na ciwon suga, wanda tawagar Nahum Sonenberg a Jami'ar McGill ta Kanada ta nuna yana gyara alamomi a ɓeraye a 2017. Tana kuma ɗaukar nauyin wani ɗakin gwaji a ƙasar Chile inda kamfani zai iya aika sinadarinsa a gwada shi a kan ɓeraye da sauri. Huber, wadda aka tallafa wa tana matashiya, ta zama jagorar ɗaya daga cikin cibiyoyi uku da NIH ta ware wa dala miliyan 35 a 2014.

Misalin da ya fi nuna sabon salon shi ne na zatolmilast. Tun farkon shekarun 1990 likita Elizabeth Berry-Kravis ta lura cewa ƙwayoyin jikin masu larurar ba sa samar da isasshen wani sinadarin isar da saƙo mai suna cAMP. Wani ƙaramin kamfani a jihar Michigan, Tetra Therapeutics, yana da maganin da ke hana wannan sinadari saurin narkewa, wanda ya ƙera da nufin cutar mantuwa ta tsofaffi. An fara gwada shi a kan ɓeraye a Chile, sannan FRAXA ta sa kuɗi a gwajin da Berry-Kravis ta gudanar a asibitin Jami'ar Rush da ke Chicago a kan maza 30. A wannan karo ba a dogara ga takardar iyaye kaɗai ba. An zaunar da mahalarta a gaban kwamfutar hannu, aka auna sanin kalmomi da karatu da wani gwajin NIH da wani mai bincike, David Hessl, ya daidaita domin masu tawayar fahimta. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna ci gaba a fannin harshe. Kamfanin Shionogi na Japan, wanda ya sayi Tetra a 2020, ya ɗauki maganin zuwa manyan gwaje-gwaje. Mutum 30 dai su ne adadin da gwajin Novartis na 2011 ya ƙunsa, kuma waɗanda suka ga abin da ya biyo bayansa sun karɓi wannan labari da taka-tsantsan.

Har yanzu hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani da aka yi musamman domin Fragile X ba. Abin da likitoci ke rubutawa shi ne magungunan rage alamomi, irin su sertraline domin fargaba, magungunan ƙara natsuwa domin rashin zama wuri ɗaya, da aripiprazole domin fushi mai tsanani, a haɗa su da horon magana da na ɗabi'a.